Manyan Itatuwan Duniya da Kukar Bayan Gari

Unguwar Sheshe tana cikin tsohon birnin Kano, ba ta da nisa da Kasuwar Kurmi. Waɗanda suke zuwa cin rani Kano daga ƙauyukanmu, da masu kai kayan miya kasuwa, sun san irin waɗannan unguwanni: gida manne da gida, lungu ba ya ɗaukar mota, inuwar da mutum zai samu da tsakar rana ta katanga ce ko ta rumfar kwano. Amma ku saurari sunayen wuraren da suke cikin birnin. Akwai Durumin Iya da Durumin Zungura, akwai Rimin Kira da Kasuwar Rimi, akwai Cediyar 'Yan Gurasa, can wajen Dala kuma ga Kukar Bulukiya. A bayan ganuwa ga Ɗorayi, ga Kurna, ga Tsamiyar Boka. Dukansu sunayen itatuwa ne, ko da yake a wurare da yawa suna ne kaɗai ya rage.

Ita kanta Kasuwar Kurmi haka take. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a dā akwai kurmi mai duhu a bakin Jakara, wanda mutanen zamanin suke girmamawa, ba mai sa masa gatari. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa kasuwa a wurin. Yau shekara fiye da 500 ke nan ana cewa "zan tafi Kurmi", alhali rumfuna ne da kaya da cinkoson mutane.

Ba a sa wa unguwa sunan ƙaramin itace. Sai wanda ake hangowa daga nesa, wanda baƙo zai yi kwatance da shi. To, ina iyakar girman da itace zai iya yi? Me ya sa kuma manyan itatuwan ƙasarmu suka fi yin kauri a maimakon tsawo?

Wanda ya fi kowane tsawo

Itacen da ya fi kowane tsawo cikin waɗanda aka auna a duniya yana jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, kusa da bakin teku. Turawa suna kiran irinsa redwood, watau jan katako, shi wannan ɗin kuma sun laƙaba masa suna Hyperion. Mutum biyu masu yawon neman dogayen itatuwa, Chris Atkins da Michael Taylor, su suka gano shi a 2006. Wani malamin jami'a mai suna Stephen Sillett ya hau har ƙoli ya sako igiyar awo, aka sami mita 115 da rabi. Da aka sake aunawa a 2019 ya ɗan haura mita 116.

Lamba kawai ba ta nuna wa mutum kome. Giginyar da ta ƙosa takan kai mita 20 zuwa 25. Sai an ɗora giginya biyar, wata bisa kan wata, kafin a kamo wannan itace. Da za a kwantar da shi a filin ƙwallo na manya, da kansa ya wuce raga ta biyu. Duk da haka ƙwayar irinsa ba ta fi ta tumatir girma ba.

Saura kaɗan da ba mu ji labarinsa ba. Tun wajen 1850 ake saran jan katako domin gina gidaje da shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, har abin da ya rage na tsohon dajin bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Masu sara sun riga sun iso dab da kwarin da Hyperion yake sa'ad da gwamnati ta faɗaɗa gandun dajin a 1978, aka dakatar da su. Bayan an gano shi kuma sai wata matsala ta taso. Saiwar jan katako ba ta nitsewa ƙasa sosai, yaɗuwa take yi kusa da sama tana sarƙewa da ta maƙwabta. Masu zuwa kallo suka yi ta tattake gindinsa har ciyawa ta mutu. A 2022 hukumar gandun ta hana zuwa wurin, wanda aka kama kuwa zai iya biyan tarar dala 5,000, har da ɗaurin wata shida.

Akwai waɗansu da suka haura mita 100. A tsibirin Tasmaniya na Ostareliya akwai wani ɗan'uwan turare, irin wanda ake dasa mana a bakin hanya da harabar makarantu, wanda ya kai mita 100 da rabi a awon 2018. An sami wani mai kusan wannan tsawo a dajin Borneo na Maleshiya a 2019, da wani mai mita 102 a Tibet a 2023. A Afirka kuwa, mafi tsawo da aka sani yana wani kwari a gefen Dutsen Kilimanjaro a Tanzaniya. An ba da labarinsa a 2016, tsawonsa mita 81 da rabi, kuma dangin maɗaci ne.

Tsawo dabam, jiki dabam

Dogo ba lalle shi ne ƙato ba. Idan yawan katako ake magana, to, wanda ya fi kowa shi ne wani itacen sekwoya da ake kira Janar Sherman, shi ma a Kalifoniya, amma a kan duwatsu nesa da teku. Tsawonsa bai cika mita 84 ba. Kewayen gindinsa mita 31 ne, watau wajen gaba 18: sai maza 18 sun miƙa hannuwa sun riƙe juna kafin su kewaye shi. An lissafta cewa kututturensa kaɗai ya kai girman duro 7,400 masu cin lita 200. Ya haura shekara 2,000 a duniya.

A kauri kuma, wani itace a garin Santa Maria del Tule na ƙasar Meksiko ya fi shi. Yana tsaye a harabar majami'ar garin, kewayensa mita 42, wajen gaba 25. A tsufa kuwa, wani ɗan ƙanƙanen itace mai murɗaɗɗen jiki a busassun duwatsun Kalifoniya ya haura shekara 4,800. Metusela suka sa masa suna, ko da yake ya ninka shekarun mai sunan har sau biyar.

Me ya hana itace wuce haka?

Ruwa ne. Itace ba shi da zuciya mai harba ruwa sama. Rana ce take busar da ruwan da ke cikin ganye, ganye kuma ya jawo wani daga reshe, reshe ya jawo daga kututture, har zuwa saiwa, kamar yadda yaro yake zuƙar ruwa da sandar ganyen gwanda. Duk wanda ya taɓa jan guga ya san bambancin rijiya mai gaba 5 da mai gaba 30. Shi Hyperion kullum yana jan ruwa ne daga rijiya mai gaba 60 da wani abu, ba igiya, ba guga. Sillett da abokan aikinsa sun lura cewa ganyayen ƙoli ƙanana ne, a takure suke kamar na itacen hamada, gama ruwan da ke kai musu kaɗan ne. A 2004 suka buga bincikensu, suka ce da wuya itace ya wuce mita 122 zuwa 130.

Jan katako ya kai inda ya kai domin wurin da yake. Ana ruwa mai yawa da sanyi, da rani kuma hazo yana tasowa daga teku. Ba irin hazonmu na hunturu mai ƙura da fasa leɓe ba. Wannan hazo ne mai laima, yana sauka a kan ganye ya ɗiɗɗiga ƙasa, har ganyen ma yana shan wani kai tsaye. Ga kuma gasa: a cikin kurmi mai duhu, wanda bai miƙe sama ba ba zai ga rana ba.

A ƙasar Kano abin ya juya. Rana ba ta yi wa kowa rowa, saboda haka itace ba shi da dalilin tseren zuwa sama. Ruwa ne na wata huɗu ko biyar, sauran shekara kuwa sai haƙuri. Itacen da zai daɗe a nan dole ya san yadda zai yi da rani.

Namu ƙattin

Rimi shi ne dogonmu. A kurmin kudu yakan haura mita 50, a nan arewa ba ya kai haka, amma duk da haka ya fi sauran, shi ya sa ake masa kirari da adon gari. Matafiyan dā da rimi suke gane sun kusa gari, har yanzu kuma unguwanni da yawa a birnin Zariya sunan rimi suke amsawa. Audugarsa ake cusa wa matashi da katifa, da ita kuma ake cika lifidin dawakan yaƙi. Rimin da ya fi suna a Afirka ta Yamma shi ne na tsakiyar birnin Freetown a Saliyo. Ana faɗa cewa a gindinsa 'yantattun bayin da suka sauka a 1792 suka taru suka yi addu'ar godiya. Hotonsa har a takardar kuɗin ƙasar. Iska da ruwan sama suka kayar da shi a daren 24 ga Mayu, 2023.

Giginya doguwa ce amma siririya, ga rowa: inuwar giginya, na nesa ka sha. Sai dai tsoffin soraye na Sheshe da sauran unguwannin birni ba za su zarge ta da rowa ba, gama azararta ce take riƙe da rufinsu. Gara ba ta cin azara da sauƙi, shi ya sa ake samun ɗakin ƙasa da ya ga jikoki da tattaɓa kunne.

Amma idan ana maganar jiki, kuka ce uwa. Ba ta cika wuce mita 20 zuwa 25 ba, sai dai ta yi ta faɗi. Kukar Sagole a Afirka ta Kudu tsawonta wajen mita 22 ne kawai, amma kewayenta ya haura mita 30, watau ta kama ƙafar Janar Sherman a kauri. Dabararta ita ce ajiya. Naman kuka ba katako ba ne sosai, kamar soso yake, fiye da rabinsa ruwa ne. Da damina ta sha ta ƙoshi, da kaka ta zubar da ganye domin kada rana ta sace mata ruwa, ta zauna tsirara har bazara. Wannan ne ya sa ba ta da amfani ga mai neman itacen wuta ko mai sassaƙa turmi, wannan kuma shi ya cece ta. Da naman kuka yana ci da wuta kamar na ƙirya ko marke, da tuni masu gawayi sun gama da ita.

Akwai wani abu da masana suka gano game da manyan kukoki. Yawancinsu ba kututture ɗaya ba ne. Kuka takan fito da sababbin kututtura daga gindi, su tashi a kewaye, su manne da juna, su bar fili a tsakiya. Kogon da muke gani a cikin tsohuwar kuka, wanda yara suke tsoro ana ce musu gidan iskoki ne, sau da yawa ba ruɓa ba ce, wurin da bai taɓa cika ba ne. Furenta fari yana buɗewa da dare, jemagu ne kuma suke kai garin fure daga wata zuwa wata. Garin da samari suka ƙarar da jemagu da danƙo, kada a yi mamaki idan 'ya'yan kuka sun yi ƙaranci.

Ku lura kuma, inda duk kun ga kukoki sun taru a daji ba gida kusa, ku duba ƙasa, da wuya ku rasa katangar tukwane. Kufai ne. Mutane sun ci 'ya'yan kuka sun zubar da ƙwallon a juji, awaki ba su da yawa kamar yanzu, kukoki suka tashi. Masu binciken tarihi da wannan alama suke neman tsoffin garuruwa.

Tsofaffi suna faɗuwa

Wani masani ɗan ƙasar Romaniya, Adrian Patrut, shi da abokan aikinsa sun bi manyan kukokin Afirka fiye da 60 daga 2005 zuwa 2017, suna ɗiban ɗan ƙanƙanen nama suna auna shekarunsu. Abin da suka buga a 2018 ya tayar da hankali. Cikin kukoki 13 mafiya tsufa, 9 sun mutu ko kuwa tsoffin kututturansu sun zube a cikin waɗannan shekaru 12. Cikin 6 mafiya girma, 5 haka. Wadda ta fi duka tsufa, kukar Panke a Zimbabuwe, tana da shekara wajen 2,450, ta zube tsakanin 2010 da 2011. Dukan waɗanda suka mutu a kudancin Afirka suke, masu binciken kuma suna zargin ƙaruwar zafi da fari. Itacen da ke tsaye da ƙarfin ruwan cikinsa, idan fari ya jera shekaru, ba ya iya ɗaukar nauyin kansa.

Sekwoya ma ba ta tsira ba. Wutar daji ta 2020 ta kashe dubban manyansu, a 2021 kuma sai da 'yan kwana-kwana suka naɗe gindin Janar Sherman da bargon da wuta ba ta ci.

A ganina, faɗuwar tsoho ba ita ce babbar damuwarmu a nan ba. Kowane itace yana da ranarsa. Ku fita bayan gari ku ƙirga kukokin da kun gāda, sa'an nan ku ƙirga waɗanda ba su kai kaurin cinyar mutum ba. A ƙauyuka da yawa lissafi na biyu ba ya cika yatsun hannu ɗaya. Kowace shekara ana hawa a sassabe rassa domin ganyen miya, kukar da ake yi wa aski kullum kuwa ba ta yin fure balle 'ya'ya. 'Ya'yan da aka samu a kai kasuwa, gama garin kuka ya yi daraja, tun 2008 ma aka yarda a sayar da shi a ƙasashen Turai. Ƙwallon da ya tsira a gona kuma, ko fartanya ta same shi ko akuya.

Akuya ba a nan kaɗai take wannan aiki ba. Itatuwan al'ul na Lebanon, waɗanda Sarki Sulemanu ya yi ginin Haikali da su, sun taɓa rufe duwatsun ƙasar. Yau 'yan kurmi kaɗan suka rage. Wanda ya fi suna, kusa da garin Bsharri, sai da aka kewaye shi da katangar dutse a 1876 domin awaki su bar ƙanana su tashi.

Abin da manoman Maradi suka yi ya nuna cewa ba sai da kuɗi mai yawa ba. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirrai da ake sassabewa a gonaki kowace bazara ba ciyayi ba ne, toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, saiwarsu tana nan da rai. Maimakon a share duka, sai a zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Suka kira abin sassabin zamani. Da fari an yi wa masu yinsa dariya. Bayan shekara 20 da wani abu, aka ƙiyasta cewa gonaki wajen hekta miliyan 5 a Nijar sun sake yin itatuwa, gawo da kalgo da sauransu, wajen miliyan 200.

Yadda za a tayar da kuka

Abu na fari shi ne a gane ta. Jaririyar kuka ba ta kama da uwarta. Ganyenta guda ɗaya ne miƙaƙƙe, sai ta yi girma kafin ta fara fitar da mai yatsu biyar da muka sani. Mutane da yawa sun nome kuka a gonarsu ba su sani ba. Ku nuna wa yara masu noma da masu kiwo kamanninta. Ku kuma roƙe su su bar saiwarta, gama tana da kauri da zaƙi kamar rogo, yara suna tonowa su ci.

Ƙwallon kuka yana da taurin ɓawo, yakan yi watanni a ƙasa bai tsira ba. A kankare gefensa kaɗan da wuƙa ko a goga a dutse, ko kuwa a tafasa ruwa a sauke, a zuba ƙwallayen a bar su su kwana. A ɗauki iri daga kukar da mata suka shaida ganyenta yana da daɗin miya, gama ba duka suke ɗaya ba. A shuka a farkon damina, nesa da ɗaki da rijiya da katanga, domin saiwarta tana tafiya da nisa. A kewaye ta da ƙaya ko tsohon kwando, a riƙa gyara shingen kowane rani har kanta ya fi ƙarfin akuya mai miƙewa da ƙafa biyu. Harabar majami'a, da ta makaranta, da gefen makabarta, wurare ne masu kyau, domin ba a nomansu kuma akwai ido a kansu.

Kukar da ta tashi daga iri takan yi shekara 8 zuwa 20 ko fiye kafin ta yi 'ya'ya. Idan aka yi mata aure da reshen babbar kuka, kamar yadda ake yi wa mangwaro, lokacin yana raguwa ƙwarai. Ganye kuwa ba ya bukatar wannan jira. A ƙasar Mali mata suna shuka kuka a fangali kamar alayyafo, suna ban ruwa, suna tsinkar ɗanyen ganye har da rani. Lambu irin wannan yana sa a ɗaga wa manyan ƙafa, su sami shekarar da za su yi fure.

Ku auna naku

Wannan aiki ne da matasa za su ji daɗinsa. A kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a fili, a miƙe. A jira, da hantsi ko da la'asar, har inuwarta ta yi daidai da tsawonta. A wannan lokaci inuwar kowane itace daidai take da tsawonsa, sai a auna daga tsakiyar gindi zuwa ƙarshen inuwar. Kauri kuma a zagaya igiya daidai ƙirjin babban mutum, a auna igiyar. A rubuta sunan itacen, da inda yake, da ranar awo, da abin da tsofaffin gari suka sani game da shi: wa ya shuka, wace kasuwa ta ci a gindinsa, wace shekara tsawa ta karya masa reshe. A ajiye littafin a wurin da ba zai ɓata ba, a sake awo bayan shekara biyar, a wata ɗaya da na farko. Idan an ga kewayen kuka ya ragu a maimakon ya ƙaru, kada a ce yaran sun yi kuskure. Bayan shekarun fari takan rame, ta shanye ajiyarta ne, idan damina ta yi kyau kuma sai ta mayar.